Kalkuleta a hannu, lissafi a ka

Akwai darasin da ke sa yaran ƙaramar sakandare su fara juya wa lissafi baya, wato darasin lambobin da ke ƙasa da sifili. Yaro ya shekara shida a firamare ana gaya masa ba a ɗebe takwas daga biyar, sai ga malami ya ce ana ɗebewa, amsar kuma −3 ce. Yanzu da kalkuleta da wayar hannu suka wadata, wasu na ganin an huta, yaro ya danna kawai ya kwafe amsa. Ra'ayina shi ne na'urar tana da amfani a aji, amma sai bayan yaro ya gane abin da lambar ke nufi.

Ba laifin yara ba ne idan sun ruɗe, domin su kansu masana sun daɗe kafin su amince da irin waɗannan lambobi. Mutanen Sin na da sun riƙa lissafi da tsinke kala biyu, ja na abin da ake da shi, baƙi na abin da ya gaza. A shekarar 628 masanin Indiya Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lambobin sama da sifili da na ƙasa da shi, yana kiran ɗaya dukiya, ɗaya bashi. Nan ya kamata malaminmu ya fara. Misalin sanyin da ya wuce sifili bai dace da yaron Kano ko Damagaram ba, wanda ko a tsakiyar hunturu bai taɓa ganin ruwa ya daskare a randa ba. Bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa. Mai Naira 500 da ya ɗauki kayan 800 ana bin sa 300, kuma −300 ke nan. In mai kanti ya yafe masa, an ɗebe −300 daga −300, ya dawo sifili. Daga nan yaro zai ga dalilin da ɗebe bashi yake zama ƙaruwa.

Sai a nan na'ura za ta shigo. A ba yara biyu-biyu kalkuleta ɗaya, su danna 3 × (−2), sannan 2 × (−2), sannan 1 × (−2), sannan 0 × (−2). Za su samu −6, −4, −2, 0. Malam ya tsayar da su ya tambaya: me zai biyo baya a (−1) × (−2)? Wanda ya lura amsa na ƙaruwa da biyu-biyu zai ce 2 tun kafin ya taɓa maɓalli. Ya gano ƙa'idar da kansa, na'ura ta zama shaida kawai.

Wanda bai bi ta wannan hanya ba na'urar za ta iya ɓatar da shi. Rubuta −3² a kalkuletar kimiyya, za ta ba ka −9. Rubuta shi a Excel, ka samu 9. Yaron da bai san aikin baka biyu ba, wato bambancin −(3²) da (−3)², wanne zai gaskata?

Ina kira ga malamai su kafa doka ɗaya a aji: kowa ya rubuta hasashensa a takarda kafin ya danna. Iyaye kuma, idan kun ba yaro waya ya yi aikin gida, ku ce ya bayyana muku amsarsa da misalin kuɗi. In ya iya, ya fahimta. In ya kasa, a ajiye wayar a koma allo.