A Nuna Mana Makaman

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata kalma wadda mahukuntan ƙasar nan suka gano tana kashe bakin kowa, ita ce "makamai". Da zarar an ce wata ƙungiyar addini ta tara makamai a gidan malaminta, sai ɗan jarida ya ajiye alƙalami, lauya ya naɗe takardunsa, mu kuma ɗalibai masu taƙamar ba a rufe mana baki mu koma ɗakunan kwana muna cewa ai su suka jawo wa kansu. Ya zama tilas mu sake tayar da maganar Zariya ta watan Disamba na 2015, domin a can ne aka gwada ƙarfin wannan kalma a kanmu, ta kuwa ci mu da yaƙi.

Bari mu fara da abin da ba mu musu a kansa, kada wani ya ce mun zama lauyoyin 'yan Shi'a. Almajiran Malam Ibrahim Zakzaky sun daɗe suna takura wa jama'a. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a hanyar Kano zuwa Zariya lokacin tattakin Arba'in ya san haka. Mazauna Gyallesu, maƙwabtan harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, sun sha kokawa da 'yan Hurras masu tsare unguwa kamar su ne hukuma. Ranar Asabar 12 ga Disamba kuwa, matasan ƙungiyar suka tare hanyar Sakkwato a gaban Husainiyya, suka hana ayarin shugaban rundunar sojan ƙasa, Laftana Janar Tukur Buratai, wucewa. Hotunan da aka yaɗa sun nuna hafsoshi suna lallashi, matasa suna ɗaga sanduna da adduna. Wannan laifi ne, dokar ƙasa kuma ta tanadi hukuncinsa.

To, amma sojoji sun buɗe wuta, hanya ta buɗe, ayari ya wuce. A nan ya kamata aikin bindiga ya tsaya, aikin 'yan sanda da alƙali ya soma. Maimakon haka sai aka komo da runduna, aka yi wa Husainiyya ƙawanya, aka kewaye gidan malamin a Gyallesu, aka nufi Darur Rahma da ke ƙauyen Dembo, aka yi ta luguden wuta har ranar Litinin 14 ga wata. Aka kashe 'ya'yan malamin maza uku, ƙari a kan ukun da sojoji suka kashe a muzaharar Ƙudus ta watan Yuli na 2014. Aka harbe shi, shi da maiɗakinsa, aka tafi da su. Hujjar da aka ba mu ita ce an yi yunƙurin hallaka Janar, kuma mutanen da ke cikin waɗannan gine-gine suna ɗauke da makamai.

Mu dubi lissafi, wanda ba daga bakin 'yan Shi'a ya fito ba, domin sun ƙaurace wa binciken ma baki ɗaya saboda an hana su ganin jagoransu. Gwamnatin Jihar Kaduna ce da kanta ta kafa hukumar bincike ta mutum 13 a ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba. A watan Afrilu na 2016 Sakataren Gwamnatin Jiha, Balarabe Lawal, ya tsaya a gabanta ya ce an binne gawa 347 a rami guda a Mando, kusa da Kaduna: 191 an kwaso su daga barikin horar da kuratan soja na Zariya, 156 daga asibitin koyarwa na jami'a. Hukumar ta ƙirga farar hula 348 da suka mutu. A ɓangaren soja kuwa, mutum ɗaya, kofur. Ran wannan kofur rai ne, iyayensa kuma suna da haƙƙin a bi musu kadin jininsa. Sai dai duk mai hankali zai tambaya: wane irin rumbun makamai ne wannan, wanda masu shi za su yi kwana uku a kewaye, a kashe musu mutum ɗari uku da ɗoriya, su kuma ba su iya kare ko ƙofar gidan malaminsu da shi ba?

Sojoji ne suka riƙe wuraren nan bayan ƙura ta lafa. Da akwai tarin bindigogin da aka yi ta yi mana kirari da su, ai babu abin da ya fi sauƙi kamar a killace wurin, a kira alƙali, a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, a kai su kotu a matsayin shaida. Abin da aka yi shi ne aka turo katafila ta baje gine-ginen, aka kwashe ɓaraguzai. Wanda yake da gaskiya ba ya share wurin da gaskiyarsa take kwance.

Da magana ta je gaban shari'a kuwa, sai ga abin kunya. A ranar 2 ga Disamba na 2016 Mai Shari'a Gabriel Kolawole na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya ba da umarnin a saki malamin da maiɗakinsa cikin kwana 45, a kuma biya su diyyar naira miliyan 50. Gwamnatin Muhammadu Buhari, wadda take zargin ƙungiyar da kafa ƙasa a cikin ƙasa da raina doka, ita ce ta yi biris da wannan umarni. Sai a 2018 aka gurfanar da su a Kaduna. Masu gabatar da ƙara suka kawo shaidu 15, a ranar 28 ga Yuli na 2021 Mai Shari'a Gideon Kurada ya ce babu ma tuhumar da za su kare kansu a kanta, ya sallame su, bayan shekara biyar da wata bakwai a tsare. Ita kuwa hukumar Garba, wadda ba ta ragar wa malamin ba wajen ɗora masa alhakin ƙin tsawatar wa mabiyansa, ta ce sojoji sun yi amfani da ƙarfi fiye da kima, ta ba da shawarar a hukunta masu hannu a kisan. Gwamnati ta ɗauki rabin da ya yi mata daɗi. Jihar Kaduna ta haramta ƙungiyar a watan Oktoba na 2016, Gwamnatin Tarayya ta bi sahu a 2019. Shekaru suka shuɗe ba a tsayar da soja ko ɗaya a gaban kotu ba.

Wannan ɗabi'a gadonta muka yi. A 1906 Turawan mulkin mallaka suka baje garin Satiru da ke kusa da Sakkwato, suka kashe mutane kimanin 2,000, aka hana sake zama a wurin. Tuta ta sauya a 1960, amma darasin da aka koya wa masu kaki bai sauya ba. Ko inda makaman na gaske ne, me wannan hanya ta haifar? Muhammadu Marwa Maitatsine ya yi shekaru yana ƙwace filaye yana tara gardawa a 'Yan Awaki cikin birnin Kano, hukuma tana kallo, sai a watan Nuwamba na 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya aika masa da takardar tashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma aka bari ya bushe. Hukumar Aniagolu ta ƙirga mutum 4,177 da suka mutu a Disambar wannan shekara, waɗanda suka tsira kuma suka sake kunna wutar a Bulumkutu a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. A Maiduguri a watan Yuli na 2009 sojoji sun kama Muhammad Yusuf da ransa suka miƙa shi ga 'yan sanda, aka wayi gari gawa ne. Da an kai shi gaban alƙali, da wataƙila mun ji daga bakinsa wa ya ba shi kuɗi, wa ya ba shi kariya, ta ina makamai suka shigo. An binne amsoshin tare da shi, jama'ar Borno da Yobe da Adamawa suka biya kuɗin da jininsu.

Kada kuma a ce mana babu wata hanya. Makonni kaɗan bayan rikicin Maiduguri, a watan Agusta na 2009, 'yan sanda sun shiga matsugunin Darul Islam da ke kusa da Mokwa a Jihar Neja, suka bincike shi, suka kwashe dubban mutane ba tare da an yi musayar wuta ba, suka kuma faɗa da bakinsu cewa ba su sami makami ba. Muna da ja a kan yadda aka raba mutanen nan da gonakinsu ba tare da hukuncin kotu ba. Amma aƙalla an shiga, an duba, an faɗi abin da aka gani, kowa ya fita da ƙafafunsa.

Ku da kuke shirin karɓar takardar kama aiki, da ku da kuka riga kuka sami tebur a sakatariya, wannan magana taku ce. Janar ba ya tuƙa katafila, ba ya haƙa rami. Wani ma'aikaci ne ya rubuta takardar neman izinin binne mutum 347 ba tare da an san sunayensu ba, wani ya sa hannu, wani ya ba da motoci, wani ya tsaya ya ƙirga. Dukansu sun taɓa zama a aji irin namu. Wata rana irin wannan fayil zai iso gabanku da jan tambarin gaggawa, a ce muku ai masu makamai ne, kuma 'yan wata aƙida ce da ku ma ba ku ƙauna.

Saboda haka muna kira ga majalisar ƙungiyar ɗalibai da ta zartar da ƙuduri a zamanta na gaba, ta aika wa Ministan Shari'a da Gwamnatin Jihar Kaduna: a buɗe kabarin Mando a gaban likitoci da dangi, a rubuta sunan kowace gawa, a gurfanar da waɗanda hukumar Garba ta ce a hukunta. In kuwa har akwai makaman da aka kwaso daga Husainiyya da Gyallesu da Dembo, a fito da jerinsu, da lambar kowace bindiga, da sunan jami'in da ya sa hannu ya karɓe ta.