Rubutun da ke ƙarƙashin hoto

Duk wanda ya taɓa buɗe jagorar amfani da wata manhaja ya san irin rubutun da ake liƙawa ƙarƙashin hoton allo: “Hoto na 4: shafin saituna.” Mai karatu ya riga ya ga shafin. Inda zai danna yake nema, an kuwa bar shi yana lalube.

A ganina, take nagari aikin da za a yi yake faɗa: “Danna Save a kusurwar sama ta dama kafin ka rufe shafin.” Sunan maɓalli kuma a bar shi yadda yake a allo ko da bayanin da Hausa yake, domin wanda aka ce ya nemi “Adana” ba zai same shi a manhajar Turanci ba.

Akwai kuma bayanin da ake ɓoyewa a bayan hoto, wanda manhajoji irin su NVDA da TalkBack ke karanta wa makafi. Ƙa'idojin WCAG 2.0 na 2008 da shi suka fara. Idan aka bar gurbinsa fanko, makaho mai son tura kuɗi yakan ji sunan fayil kawai, ya tsaya cak. Wanda intanet ya yi wa rauni har hoton ya ƙi buɗewa, shi ma wannan rubutun ne madogararsa.

Saboda haka, kafin ka wallafa jagora, rufe hoton da tafin hannu ka karanta. In ka kasa yin aikin, da sauran gyara.