Allon da ya kusa cinye mini jarin sati

Wannan makon ba zancen kwastan ko farashin sidi zan yi ba, labarin wautar da na tafka ne a kan kwamfutar shagona da ke Nima, a Accra.

Kwamfutar irin ta tebur ce, cikin tsofaffin da ake kwasowa daga ofisoshin Turai. Duk wanda ya taɓa zagawa Tip Toe Lane a Circle ya san su, ga Dell, ga HP, ga Lenovo, an jibge kamar buhunan gero. Shekara shida tana riƙe mini lissafin atamfa da sunayen masu bashi. Ran nan wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, shi ke nan ta yi shiru. Mai gyara ya duba ya ce madabod ne ya ƙone, wato babban allon nan da komai na cikinta yake jone a kai.

Gabana ya faɗi, don bashin mutum sama da arba'in yana ciki, kuma rabinsu ba su da niyyar tuna mini. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, Alhaji. Lissafi a faifan ajiya yake, ba a allo ba."

Nan babban ɗana ya shigo da tasa dabarar. "Baba, tunda za a canza, a sayi na zamani mana, ta koma sabuwa." Ni kuma da son banza, ban koma wurin mai gyaran ba, muka wuce Circle muka sayo allo sabo dal a kwali.

Da muka buɗe cikinta a gida ne ido ya raina fata. Allon kasuwa yana son filogin wuta mai ƙafa 24, tamu mai 8 ce. Ashe manyan kamfanoni sukan ƙera wa kwamfutocinsu na ofis filogi irin nasu na kansu, har da wayar maɓallin kunnawa da ta fanka. Muka ɗauko ram, ya ƙi zama. Namu DDR3 ne, allon DDR4 yake ci, kuma tsagar da ke gindinsu ba wuri ɗaya take ba. Yaron ya so ya danna da ƙarfi, na riƙe masa hannu. Furosesa ma haka: tamu Intel ce ta ƙarni na 4, gurbinta LGA1150, ba ta shiga gurbin sabon allo ko da za a kwana ana lallashi.

Na ɗauki biro na yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Sabuwar furosesa, sabon ram, sabon akwatin wuta, wataƙila har da sabon gida. Me ya rage na tsohuwar? Faifai da wayar soket. Ga kuma lasisin Windows, wanda a irin waɗannan kwamfutoci a jikin allon yake, in ka cire shi ya tafi da abinsa. An ce a sayi akuya, sai ga shi ana neman kuɗin saniya.

Da kunya na koma wurin mai gyaran. Bai ce mini komai ba, Allah ya saka masa, murmushi kawai ya yi. Ya karanta lambar samfurin da ke jikin akwatin, bayan kwana biyu ya samo allo irinsa sak daga wata da ta mutu ta wani gefen. Kowace waya ta koma gurbinta, ya shafa sabon man sanyaya a kan furosesa, ya kunna. Sunayen masu bashina suka fito reras, har na ji kamar in gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya sayar mana da sabon allon ya ce ba ya mayar da kuɗi, sai dai musaya. Na karɓi SSD da ƙarin ram, na bar masa ragowar. Abin mamaki, saurin da yaron yake nema a nan ya fito. Da, sai na kunna ta na je na yi alwala na dawo. Yanzu kafin in gyara zama ta buɗe.

Abu ɗaya dai ba mu samu ba. Windows 11 tana neman Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama, kuma Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. Don haka na cire ta daga intanet, lissafi kawai take yi. Na saya mata UPS, kuma duk ranar Juma'a yaron yana kwafe lissafin a filas, ya kai wa mahaifiyarsa ta ajiye a cikin adaka.