Maganin Damuwa Ba Sha Yanzu Magani Yanzu Ba Ne

Maganarmu ta yau da ku muke, 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai Agege da Idi Araba, da Sabon Badun, da Anaca da Fatakwal, musamman waɗanda suka baro iyali a Kafancan, Zonkwa, Kagoro, Kwoi da Kaciya. Kowa ya san abin da wannan yanki ya gani: rikicin Kafancan na Maris 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da wanda ya biyo bayan zaɓen Afrilu 2011. Ko a 2023 ma cuta ta faɗa wa gonakin citta, ta bar manoma da bashi. An gyara gidaje, an sāke buɗe kasuwanni, amma akwai mutanen da har yau barci yake gagararsu, gabansu na faɗuwa ba dalili, duniya ta yi musu baƙi ƙirin. Wannan shi ne ciwon damuwa da fargaba, kuma yana da magani a asibiti.

Inda gizo yake saƙar shi ne, sau da yawa ku ne kuke aiko da kuɗin maganin, saboda haka maganarku ce take yanke hukunci. Mutum ya bugo waya bayan kwana goma, a ce masa jiki yana nan jiya i yau, sai ya ce a daina ɓarnar kuɗi. Haƙiƙa wannan kuskure ne babba. Magungunan da likitoci suka fi bayarwa, irin su amitiriftilin da fuluksetin, ba irin maganin ciwon kai ba ne. Sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin alama, cikakken amfaninsu kuwa sai mako 6 zuwa 8. Abin da yakan riga zuwa shi ne wahalarsu: bushewar baki, yawan gyangyaɗi, tashin zuciya ko jiri, waɗanda galibi sukan lafa bayan 'yan kwanaki. Manomin citta ba ya tone gonarsa don bai ga tsiro a makon shuka ba.

To, ta yaya za a gane magani ya fara aiki? Kada ku tambaya ko ya warke. Ku tambayi ƙananan abubuwa. Yana yin barci har asuba? Ya cinye tuwonsa? Ya yi wanka ba tare da an matsa masa ba? Ya fita ƙofar gida ya gaisa da maƙwabta? Ta koma kasuwa, ko ta fara faɗa da yara a kan ƙazanta kamar yadda ta saba? Lalle wanda yake zaune da maras lafiya yakan riga shi ganin sauƙin, gama walwalar zuciya ita take zuwa daga ƙarshe. Masana sun daɗe da sanin darajar dangi a wannan jinya. Tun 1954 Dokta Adeoye Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiya tare da 'yan'uwansu a ƙauyen Aro kusa da Abekuta, maimakon a kulle su.

Sai dai akwai alamun da ba na sauƙi ba ne. Wani lokaci ƙarfin jiki yakan dawo alhali baƙin cikin yana nan, musamman ga matasa 'yan ƙasa da shekara 25. Idan mutum ya fara zancen mutuwa, ko yana rabar da kayansa, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke ƙwayoyin daga hannunsa, a kai shi asibiti ran nan. Haka kuma wanda ya daina barci sam, yana surutu ba tsayawa, yana watsa kuɗi, wannan ba waraka ba ce. Kada kuma a ruɗu da Valium ko tiramadol na kemis. Suna kwantar da jiki nan take, amma in an saba da su sai su zama wani ciwon dabam.

Kuskure na biyu shi ne: da zarar an ga sauƙi sai a yar da magani. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an murmure, sa'an nan likita ya rage shi sannu a hankali. Yankewa farat ɗaya yakan jawo jiri da rashin barci, ya kuma buɗe wa ciwon ƙofar dawowa. In kuwa an yi mako 6 ba wani canji, a koma wa likita, ko a babban asibitin Kafancan ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, domin akan ƙara awo ko a canja wani. Wanda ciwon ya same shi a nan Kudu, ga asibitin Yaba, ga na Aro.

Saboda haka shawararmu ita ce, wanda zai aika kuɗin magani ya yi lissafin watanni, ya kuma sami mutum ɗaya a gida mai lura yana ba shi labari kowane mako. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.