Kafin Ki Yarda A Sa Wa Ƙirjinki Wuƙa

 Zancen da na ɗauko a wannan mako irin wanda ake yi ne ƙasa-ƙasa a gidan biki, da an ji sallamar namiji sai a yi tsit. Watau zancen nono, da girmansa, da zubewarsa, da aikin fiɗar da likitoci ke yi don su ɗaga shi. A da labarin matan Turai ne muke ji daga nesa. Yanzu kuwa ya shigo cikin wayar kowace yarinya a Sakkwato, tun daga Mabera har Runjin Sambo. To, tun da ya riga ya shigo gida, gara mu yi shi da sani.

Mata iri biyu ne ke tambayar wannan aiki, bai kuwa kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba. Akwai wadda Allah ya yi wa nono manya ƙwarai, har nauyinsu ya zame mata ciwo. Kullum wuyanta da kafaɗunta da gadon bayanta a ƙage, igiyar rigar nono ta yi mata kwari a kafaɗa, in bazara ta kama, zafin Sakkwato ya haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, sai ƙarƙashin nonon ya yi ta gumi har ya saɓule ya zama gyambo. Wannan baiwar Allah mara lafiya ce, asibiti ya kamata ta nufa, ba kuwa abin kunya a ciki. Akwai kuma wadda lafiyarta ƙalau, abin da ya dame ta kawai shi ne ta haifi biyar, ta dubi madubi ta ga ba kamar da ba, ga shi kuma ana raɗe-raɗin maigida zai ƙara aure. Ita wannan, a ganina, ta yi nesa da wuƙar likita.

Bari mu fara da abin da ke kawo zubewar. Nono ba tsoka ba ne. Kitse ne da 'yan jakunkunan da ke yin ruwan nono, sai fata da wasu siraran zare da ke riƙe da shi a jikin ƙirji, waɗanda wani likitan Ingila mai suna Astley Cooper ya bayyana su tun 1840. Duk lokacin da mace ta yi ciki nono ya cika ya kumbura, fatar da zaren su miƙe, bayan yaye ya saɓe, amma fatar ba ta komawa daidai yadda take. Haka in ta yi ƙiba ta rame. Shekaru su ma suna nasu aiki. Mai manyan nono tata ta fi saurin sauka, don kuwa kaya ya fi nauyi.

Ga wani abu da nake so amare su ji da kunnen basira. Ana yawan cewa shayarwa ce ke zubar da nono, har wasu 'yan boko na yi wa jariri rowa, suna ɗura masa madarar gwangwani tun yana wata biyu. A 2007 wani likitan fiɗa na Jami'ar Kentucky a Amurka, Brian Rinker, ya binciki matan da suka zo neman gyaran nono. Ya tarar abin da ke tafiya tare da zubewa shi ne shekaru, da yawan ciki, da ƙiba, da girman nonon tun asali, da shan taba. Shayarwa ba ta cikin masu laifin. Cikin ne ke miƙar da fata, ko kin shayar ko ba ki shayar ba. Ashe wadda ta hana ɗanta nono ta yi biyu babu.

Sai maganar magunguna. Mu Sakkwatawa an san mu da kayan mata, har daga Kano da Kaduna ake aiko a saya. Ban zo in taɓa sana'ar kowa ba, amma gaskiya ɗaya ce: fatar da ta riga ta miƙe babu man shafawa ko gari ko tsimi da zai tattare ta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwayoyi da alluran da ake tallarsu a waya, ba lambar hukumar NAFDAC, ba wanda ya san abin da ke ciki. Wasu maganin sa ƙiba ne kawai, su kumbura ki, su bar ki da hawan jini ko ciwon sukari. Motsa jiki yana ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashin nono, yana gyara tsayuwa, iyakarsa ke nan.

To, shi aikin fiɗar yaya yake? Na farko shi ne ɗagawa kawai. Ana yi wa mace allurar barci, likita ya yanke fatar da ta yi yawa, ya tattara naman nonon ya mai da shi sama, ya matsar da kan nonon zuwa inda ya kamata, ya ɗinke. In zubewar kaɗan ce, yankan a kewayen baƙin kan nono zai tsaya. In ta yi yawa, sai ya sauko a miƙe zuwa gindin nonon, mai manyan nono kuwa galibi sai an ƙara wani yanka a kwance tare da lanƙwasar ƙarƙashi. Aikin kan ci awa biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Amma fa nauyin yana nan, don ba a rage kome daga cikinsa ba, nauyi kuwa zai ci gaba da jan sabon ɗinkin ƙasa.

Shi ya sa mai manyan nono da ke ciwon baya, aikin da ya fi dacewa da ita shi ne na biyu, watau a rage a kuma ɗaga a lokaci guda. Ana cire wani kaso na kitse da nama da fata, daga 'yan giram ɗari-ɗari har ya wuce kilo guda a kowane ɓangare ga waɗanda abin ya yi wa yawa. Likitoci sun daɗe da shaida cewa yawancin matan da aka yi wa wannan suna samun sauƙin ciwon wuya da baya. Akwai ma wata lalura da ba a cika gani ba, inda nono ke yin girman da ya wuce misali cikin 'yan watanni, ga budurwa lokacin balaga ko ga mai ciki, har fata ta tsage. Irin wannan ba a zama da shi a gida ana shafe-shafe.

Na uku shi ne a ɗaga a kuma cusa jakar roba mai ɗauke da silikon ko ruwan gishiri, don saman ƙirjin ya ciko. An fara sa wa mace jakar silikon a 1962 a birnin Houston na Amurka. Ga wadda nononta ya tsotse ya zama fata zalla, ana iya gane dalilin. Amma ga mai manyan nono, ni dai ban ga hikimar ba. Jaki na nishi da kaya, sai a ce a ƙara masa mangala? Ban da haka jakar ba ta zama har abada. Takan fashe, jiki kan yi mata kwanso mai tauri ya matse ta har ta yi ciwo, kuma duk daɗewar da ta yi a jiki, haɗarin a sake buɗe ki ƙaruwa yake. A 2010 hukumomin Faransa suka gano wani kamfani mai suna PIP yana cika jakunkunansa da silikon ɗin masana'antu wanda ba a yarda a sa a jikin mutum ba, bayan an riga an sa wa dubban ɗaruruwan mata a ƙasashe da yawa. A 2019 kuma kamfanin Allergan ya janye wani nau'in jakarsa mai kaushin baya, saboda an danganta shi da wani irin ciwon daji da ba kasafai ake gani ba. Matan da ke da asibiti a bakin ƙofa ke nan. Ina ga ke da za ki yi aikin a Masar ko Turkiyya ko Legas, ki dawo Sakkwato, likitan da ya yi miki yana can?

Kowane daga cikin ukun nan yana barin tabo, wannan babu makawa. Mu baƙar fata kuwa mun fi kowa yin tabo mai tudu, irin wanda kan fito wa wasu bayan hujin kunne ya yi ta girma kamar goro. In kin san jikinki ko danginku na yin irinsa, faɗa wa likita tun kafin ya tambaya. Kan nono na iya mutuwa, watau ya daina jin taɓi, na ɗan lokaci ko na dindindin. Ciwon na iya ruɓewa, musamman ga mai ciwon sukari. Bayan aiki sai kin yi kamar mako shida ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba daka, ba jan guga, ba goyo. Allurar barci ita ma ba wasa ba ce. Manyanmu ba su manta da Stella Obasanjo ba, matar shugaban ƙasa, wadda ta rasu a Sifen a watan Oktoba na 2005 bayan fiɗar rage kitse. Kuɗi da gata ba su hana ba.

Babban abin da ya shafe mu nan Sakkwato shi ne haihuwa. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna macen jihar nan kan haifi kimanin bakwai a rayuwarta. Duk cikin da ya biyo bayan aikin zai sake miƙar da fatar, kuɗi su tafi a banza. Rage nono kuma yana iya yanke hanyoyin da ruwa ke bi. In likita ya bar kan nonon haɗe da namansa, da yawa suna iya shayarwa, ko da ruwan bai kai na da ba. In kuwa girman ya sa sai da aka cire kan nonon ɗungum aka dasa shi, to shayarwa ta ƙare. Mace mai shekara ashirin da biyar da ke sa ran goyo nan gaba, ta auna wannan da kuɗin madarar gwangwani na shekara biyu.

Na san za a ce ina hukuncin addini. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna kan fiɗar gyaran jiki a Malesiya a 2007, ta bambanta tsakanin aikin da ake yi don kawar da cuta ko aibi, wanda ta halatta, da wanda ake yi don son zuciya da kwaikwayon wasu, wanda ta hana. Sai ki kai wa malaminki bayanin halin da kike ciki filla-filla.

Wadda ciwo ya dama ba sai ta yi fasfo ba tukuna. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da likitocin gyaran jiki, irin masu kula da waɗanda suka ƙone. A garin nan ne kuma aka buɗe Asibitin Noma a 1999, inda ake gyara fuskar yaran da cuta ta cinye wa kunci da leɓe. Ke nan ilmin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ki tafi da maigida ko wata babbar 'yar'uwa. Ki tambayi likitan ko ya yi karatun wannan fanni na musamman, sau nawa ya yi irin aikin, ina tabon zai bi, wa zai yi allurar barcin, kuma wa za ki gani in ciwon ya tashi da tsakar dare. Likitan kirki ba ya fushi da tambaya. Mai yiwuwa ma ya fara ce miki ki rage ƙiba, ki nemi rigar nono daidai ke, mai faɗin igiya da ɗamara mai ƙarfi, don da yawanmu a gwanjo muke saye da ido, ba awo.

Ku kuma 'yan makaranta, ku da kuka fara ƙirgar dangi jiya-jiya, wannan aiki ba naku ba ne. Nono yana ci gaba da girma har wajen shekara goma sha takwas, wani lokaci ya wuce haka, kuma ɗaya ya ɗan fi ɗaya abu ne da ake gani ga mata da yawa. Kada ku ɗaure ƙirji da ɗankwali don kunyar 'yan aji, kada ku riƙa tafiya a duƙe, kada kuma ku haɗa kuɗin tara ku sayi ƙwayar da ƙawa ta kawo. In girman ya zo da sauri ko da ciwo, uwa za a gaya wa, ita kuma ta kai ki asibiti.

Babba da yarinya, kowace ta riƙa lalube nononta sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan ta yi wanka daga al'ada. Ciwon dajin nono shi ya fi kowane ciwon daji kama matan Nijeriya, kuma mai manyan nono ta fi wuyar jin ƙullutu tun yana ƙarami. In kin ji ƙullutu, ko kan nono ya shige ciki, ko fata ta yi ramuka kamar ɓawon lemo, ko jini na fita, kada ki jira a gama azumi ko a gama bikin ƙanwarki. Ki je a duba a cikin makon nan.