Godiyar Kaka Ba a Fatar Baki Take Ba

A zaurukan karatu na Ƙaraye da Rogo, idan aka zauna bayan Magariba aka ɗauko zancen godiya, yawanci a kan faɗin Alhamdulillahi ake tsayawa. A ganina wannan rabin karatu ne. Manomin da ya cika rumbu da dawa da masara, godiyarsa ita ce ya auna zakka: kashi 1 cikin 10 idan noman damina ne, kashi 1 cikin 20 idan da inji ya jawo ruwa daga madatsar Challawa ya shayar da alkama. Suratu Ibrahim ta rataya ƙaruwar ni'ima a kan godiya. Don haka malamai su riƙa haɗa babin shukura da babin zakka tun kafin dillalai su kwashe buhuna.