Hanyar haɗa bayanai ba ta kamata ta kwana a kwamfutar mutum ɗaya ba

A garuruwa irin su Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal, da ƙauyukan Kebbe, yanzu a waya ake fara aikin bayanai. Mai POS yana da tarihin cinikinsa a manhajar Moniepoint ko OPay, mai aikin ƙidaya yana cike fom a KoboToolbox, sakataren ƙungiyar manoma kuma yana jera sunayen waɗanda suka karɓi taki a Excel. Idan wata ya ƙare sai a nemo matashin da ya iya kwamfuta ya haɗa komai wuri ɗaya. Shi kaɗai ya san fayil ɗin da ake fara ɗauka, da layin da ake gogewa, da yadda ake gane cewa "Muhd" na wannan takarda shi ne "Muhammadu" na waccan. Ranar da ya tafi bautar ƙasa, ko aka ɗauke masa kwamfuta a tasha, bayanan suna nan, amma babu wanda ya san yadda ake haɗa su.

Waɗannan matakai su ma dukiya ce, kuma ya kamata a adana su kamar yadda ake adana bayanan. Kamfanin Microsoft ya daɗe da tanadar hanyar yin haka. Tare da SQL Server 2005 ya fito da SSIS, wanda ya maye gurbin tsohon DTS. A cikinsa ana tsara matakan ɗauko bayanai, da tace su, da zuba su a rumbu, duk a ƙunshi guda mai ƙarshen suna .dtsx. Ana iya barin ƙunshin a matsayin fayil, ana kuma iya ajiye shi cikin sabar, a rumbun da ake kira msdb. Daga SQL Server 2012 aka ƙara SSISDB, wanda ke riƙe tsofaffin kwafi, ta yadda idan sabon gyara ya ɓata aiki za a koma na baya.

Ajiyewa da hannu, ta latsa nan da can, tana yiwuwa, sai dai mutum yana mantuwa. Ya gyara ƙunshi a kwamfutarsa ya manta bai tura ba, sabar ta ci gaba da aiki da tsohon, rahoto ya fita da kuskure ba wanda ya lura. Shi ya sa ya fi kyau a rubuta umarnin ajiyewar. A yaren C#, ana loda ƙunshin da LoadPackage, sannan a kira SaveToSqlServer tare da sunan sabar da bayanan shiga. Wanda bai iya C# ba yana da dtutil, da ake ba shi umarni a layi ɗaya. Ko wa ya gaji aikin zai buɗe rubutun ya ga abin da ake yi da inda ake kaiwa.

Akwai tarko guda da ke kama masu koyo. A tsarinsa na asali, SSIS yana kulle lambobin sirrin da ke cikin ƙunshi da makullin asusun wanda ya ƙirƙira shi. Idan wani ya buɗe, ko sabar ta zo gudanar da shi da wani asusu, lambobin ba za su buɗu ba, aikin ya tsaya. Maganin shi ne a canza matakin kariyar kafin ajiyewa: ko a hana ƙunshin riƙe lambar sirri gaba ɗaya, ko a bar wa sabar tsaronsa.

Wani zai ce wannan zancen manyan kamfanoni ne, ina Jabo ina sabar, ga wuta ba tabbas, ga data da tsada. Akwai gaskiya a ciki. Lasisin SQL Server kuɗi ne, kuma nau'in Express na kyauta ba ya barin a ajiye ƙunshi. Nau'in Developer kyauta ne da cikakken SSIS, amma don koyo da gwaji kawai aka halatta shi. To amma ba dole sai Microsoft ba. PostgreSQL kyauta ne, Python kyauta ne, kuma ana iya ajiye rubutun a GitHub ba tare da biyan ko kwabo ba. Ƙungiyar da ke da mambobi ɗari biyu ba ta buƙatar fiye da haka.

Sannan ga doka. A watan Yunin 2023 aka sanya hannu kan dokar kare bayanai ta Najeriya, wadda ta ɗora wa mai tara bayanan mutane alhakin tsare su. Sunaye da lambobin waya da NIN da ke yawo a filas ko a tura su ta WhatsApp ba su da wannan tsaro. A sabar kuwa ana iya ƙayyade wanda zai gani da wanda zai gyara.

Wasu matasa suna ɓoye yadda suke aiki don kada a daina nemansu. Wannan lissafi gajere ne. Shugaban ƙungiya ko mai shago da ya taɓa rasa lissafin wata uku saboda tafiyar mutum ɗaya ba zai sake ba irin wannan mutum amana ba. Kafin a biya kuɗin aiki, ya kamata mai aikin ya nuna inda ƙunshin yake a sabar, ya kuma sa wani daban ya gudanar da shi a gaban kowa.